Ruwan da Na Ba Inabin Baba Bitrus

Ranar sha huɗu ga Satumba, shekarar da na shiga aji biyar, na tsaya a bayan gidan maƙwabcinmu a McLeansville ina kallon tsoho yana taɓa 'ya'yan inabinsa ɗaya bayan ɗaya, ruwa mai tsami yana bin yatsunsa. Duk sun fashe, sun yi baƙi, ƙudaje sun yi dandazo a kai. Baba Bitrus muke ce masa. Mutumin Labanan ne, ya daɗe yana sayar da yadi a Jos kafin 'yarsa ta ɗauko shi Amurka, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano.

Kuranga huɗu gare shi a jikin shinge, kuma ko kare bai isa ya raɓe su ba. Reshen daga gonar mahaifinsa ya fito, a kwarin Bika can Labanan, gonar da ta fita hannunsu lokacin yaƙi. In na dawo makaranta yakan zaunar da ni a kan bokiti ya yi ta ba ni labari: yadda kakanninsu ke loda tulunan ruwan inabi a jirgin ruwa zuwa Masar tun zamanin Fir'auna, yadda mahaifinsa ke tattake inabi da ƙafa a kwarmin dutse, a zuba a tulu, a liƙe bakin da yumɓu. Sai an gama tsinka kafin Idin Gicciye na sha huɗu ga Satumba, daga nan sanyi ya shigo. Shekara huɗu yana jira, a wannan shekarar suka fara 'ya'ya na kirki. "Tulu ɗaya kawai nake so," in ji shi, "in ɗanɗana gonar babana kafin in tafi."

A watan Agusta aka kwantar da shi asibiti, aka yi masa aikin zuciya. Mu kuwa lambu gare mu: yakuwa, rama, gauta, tattasai, kuma dokar Mama ita ce ban ruwa safe da yamma, ko da an yi yayyafi. Ta leƙa ta kan shinge ta ga ƙasar tsoho ta bushe ƙamas, ta ce, "Rifkatu, kada Baba ya dawo ya tarar shukarsa ta mutu, mu ji kunya." Wayyo ni, da ƙwazo na kama aikin! Kafin motar makaranta ta zo nakan ja tiyo, da yamma in sake, har kashin kaji nake ɗebowa daga kejin Mama in zuba a gindi. Ga ruwan sama kuma ya dawo, ba ya fashi. Ganye ya yi faɗi, ya yi kore shar, ni kuwa sai taƙama nake, ina jiran yabo.

Ranar da ya iya takowa bayan gida, da sandarsa, ita ce ranar idin. Na faɗa masa da bakina abin da na yi, don ban ma san laifi ba ne. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, a garinmu inabi ba ya ganin ruwa da rani. Ƙishirwa ce ke sa masa zaƙi." Mama ta durƙusa a cikin taɓo tana ba shi haƙuri, ya ce ta tashi, baɗi ma shekara ce. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya rasu a watan Fabrairu, waɗanda suka shiga gidan suka tumɓuke kurangar suka shuka ciyawa.

Yanzu na girma, ina da 'ya'ya masu amsa mini da Turanci, kuma a wani kanti can wajen Sedgefield nakan ga kwalaben ruwan inabi na Labanan a jere, kowa ya ɗauka. Ban taɓa miƙa hannu ba. Mama har yau cewa take niyyarmu mai kyau ce, kuma na san haka ne, amma abin bai bar cina ba. Kaka ɗaya ce ta rage wa tsohon nan, a hannuna kuma ta ruɓe.