Ƙafafun Bidi

Shekara huɗu muka yi ɗaki ɗaya da Babayo a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou a China, kuma a shekara huɗun nan ban taɓa gama cin abinci ba tare da na ji zancen doki ba. Ni ɗan Fagge ne, sunana Shitu, aikina a Guangzhou haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Doki bai dame ni ba. Sai Allah ya haɗa ni da mutumin da ko mura ka ce kana yi, zai zauna ya faɗa maka yadda mura take kama goɗiya.

Babayo daga wani ƙauye yake, can kan tudu bayan Bokkos a jihar Filato, inda sanyi ke shiga ƙashi. Mahaifinsa ya je can ne zamanin haƙar kuza, ya ga mutanen dutse suna hawa waɗansu 'yan dawaki gajeru ba sirdi, ya sayi biyu don ɗaukar kaya, daga nan kiwo ya kama shi har mutuwa. Ƙuru ake ce wa irin dokin. A faɗar Babayo, ƙuru yana hawa dutse da buhun dankali bai yi tuntuɓe ba, yana kwana a ruwan sama bai yi tari ba, ciyawar da saniya ta raina ta ishe shi. Tsayinsa kuwa bai wuce ƙirjin mutum ba. Ranar da ya fara nuna mini hoto, cewa na yi, “Wannan ai jaki ne ya yi aski.” Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Lokacin da yana yaro, in ji shi, kowane gida a tudun akwai ƙuru. Sai babur ya shigo. Mutane suka dinga sayar da dawakin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuma aka haɗa su da manyan dawaki don su yi tsayi, har iri ya narke. Da mahaifinsa ya rasu, abin da ya bar masa goɗiya biyar ne da ingarma ɗaya mai suna Bidi. Babayo ya zaga ƙauyukan tudun nan ƙafa da ƙafa, bai ga wani namiji tsantsar irin ba. Wato duk abin da ya rage ya rataya a kan Bidi.

To, me ya kawo mai kiwon doki China? Kayan gyaran babur. Shi ne sana'arsa: sarƙa, birki, fitila, taya. Da kansa yake faɗa, ba dariya, cewa abin da ya kashe ƙuru shi yake sayarwa don ya ciyar da ƙuru. Ƙanensa Isufu ya bar wa kiwon. Kowace Juma'a in muka fito daga Masallacin Huaisheng, kafin ya nemi abinci sai ya kira gida, kuma tambayarsa ba ta canjawa. Ya gaida iyali a gurguje, sannan, “Ya Bidi? Ya Gunya?” Gunya ita ce babbar goɗiyar, tsohuwa ce sosai.

Ba mutum ne mai hayaniya ba. Siriri ne, mai furfura a gemu, kullum da gajiya a fuskarsa irin ta wanda ya yini yana bayani ba a saurare shi ba. Kuma haka ɗin ne. Ya rubuta wa ofisoshi wasiƙu, shiru. Ya yi wa alhazan da ke zuwa sari magana, su ce Allah ya taimaka, su koma kan farashin atamfa. Wani ɗan Maraɗi ya taɓa saurarensa har minti goma, Babayo ya yi ta murna, ashe mutumin jira yake a ba shi aron caja.

Ƙarshen shekarar 2007 ya je gida ya dawo da sabon hoton Bidi da kuma sabuwar dabara. Ya ce mutane ba sa karanta wasiƙa, amma kowa yana rataya kalanda. Zai buga kalandar sabuwar shekara da hoton Bidi, a raba kyauta a shagunan masu gyaran babur da masu shayi da makarantu, shekara guda cur mutane suna kallon ƙuru, ko wani zai tuna yana da ɗaya a bayan gida. Na yi masa dariya, amma ni na raka shi wani shagon ɗab'i, wurin wata mata mai fara'a. Ya miƙa mata hoton da hannu biyu. Ya rubuta abin da za a sa a ƙasa da Hausa, harafi harafi: Wannan shi ne irin dokin da ya kamata mu riƙe.

A nan laifina ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Yadda muke aiki a Guangzhou, kaya daga masana'anta sito suke wucewa kai tsaye, a kwali, a naɗe da salatif. Mai hankali yakan buɗe kwali ɗaya ya duba. Ranar da kalandun suka iso, kwantenata da za ta kai su gida ta cika, direba yana ta danna hon, masu lodi suna zagina da yarensu. Babayo ya ciro 'yar wuƙa zai farka kwali guda, na daka masa tsawa.

“Haba Malam Babayo! Hoto ne fa, ba magani ba. Ka ba su hoton doki, za su buga maka hoton raƙumi ne? Don Allah matsa a rufe.”

Ya mayar da wuƙar aljihu, aka rufe.

Sai shekarar wasannin Olamfik ta shigo mana da nata. Biza ta yi wuya. A da, mutum ya leƙa Hong Kong ya dawo da sabon hatimi, a shekarar nan ƙofa ta rufe. 'Yan sanda suna tsayar da mutane a titi suna duba fasfo, masu gidajen haya suna korar baƙaƙen fata don gudun fitina. Ɗakinmu ma aka karɓe, muka kwashe komatsanmu muka koma Panyu a bayan gari, tafiyar sama da awa guda a jirgin ƙarƙashin ƙasa kafin ka ga kasuwa. Mun gaji, wallahi. Bizar Babayo tana da sauran kwana, amma irin wadda in ka fita shi ke nan, kuma kowa ya san wanda ya fita a lokacin da wuya ya dawo. Don haka zuwa gidan da yakan yi da bazara, bai yi ba. Sai dai waya. Isufu ya ce kalanda ta iso, an raba, kowa yana yabawa. Dawaki? Lafiya lau, Yaya. Akwai ma albishir, amma sai ka zo.

Wata Juma'a cikin watan Agusta, muna cin shinkafa a wani gidan abinci kusa da masallaci, talabijin tana nuna wasan dawaki daga Hong Kong, waɗansu dogaye masu sheƙi suna tsallake shinge. Babayo bai ko ɗaga kai ba. Wayarsa ta yi ƙara, Isufu ne. Wayar ta lalace, sai a buɗe take magana, don haka na ji komai.

“Yaya, kana kallo? Mun gan su a gidan kallo jiya! Irin na kalandarka sak. Na kasa riƙe albishir ɗin, gara in faɗa maka. Na samo maka irinsu.”

“Irin su wa?”

“Dogon nan na kalanda mana. Ba kai ka rubuta shi ne irin da za mu riƙe ba? Na samu wani ingarma a kasuwa, in ka tsaya kusa da shi sai ka ɗaga kai. Tun watan Maris yake gida. Goɗiya huɗu duk sun ɗauka.”

Babayo ya ajiye cokali. “Isufu, ina Bidi?”

“Ai da shi na yi musaya, na cika kuɗi. Dillalin ya ce Kudu za a kai shi.”

Wanda duk ya san kasuwar dabbobi ya san dokin da aka loda a mota zuwa Kudu ba kiwonsa za a yi ba, yanka shi za a yi. Wata biyar kuma ya wuce. Babayo bai yi ihu ba, bai zagi ƙanensa ba. Ya ce, “To. Zan kira ka.”

Daga nan shagon ɗab'in muka nufa. Matar ta gane mu, ta yi ta “ni hau, laoban”, wato sannu maigida. Da gurguwar Sinancina da ragowar Turanci na ce ta nuna mana aikin. Ta buɗe kwamfuta, sai ga shi. Kan Bidi ne, launin Bidi ne, har farin da ke goshinsa. Amma ƙafafun an ja su sun yi ninki, an ɗaga wuya, an tsuke ciki, an ƙara gashin jela. A ƙasa ga rubutun Babayo, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Ta buɗe hoton asali a gefe, ta nuna gajerun ƙafafun da yatsa, ta girgiza kai cikin tausayi. A ganinta kyamarar ce ta ɓata hoton, ita kuma ta gyara, yini guda ta yi a kai, kuma kyauta. Tana tsaye tana jiran godiya.

Na tashi da faɗa, na buga tebur, na faɗi maganganun da gara da ba ta ji Hausa ba. Babayo ya riƙe mini hannu.

“Bar ta, Shitu. Isufu ma tun yana yaro kunyar dawakin nan yake ji, ana ce masa ɗan gidan masu jakuna. Shi a gida aka haife shi bai ga kyansu ba, ita da ke nan ce za ta gani?”

Bai ambaci wuƙar da na hana shi cirowa ba. Har yau bai taɓa ambata ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A jirgi muna komawa Panyu ya yi ta lissafi da yatsu har tasha bakwai. Can ya ce Gunya. Isufu goɗiya huɗu ya ce, ba biyar ba. Zuwan Babayo gida na ƙarshe, a gabansa Bidi ya hau Gunya, kuma ta ɗauka. Cikin doki wata goma sha ɗaya ne, ke nan haihuwa wajen ƙaramar Sallah. In namiji ta haifa, tsantsar ƙuru ne, a yi haƙurin shekara uku ya girma, a mayar da sauran gare shi, iri ya tashi. In mace ce, shi ke nan. Gunya kuma ta tsufa, haihuwarta ta baya da ƙyar ta sha, ba zai bar wa Isufu wannan ba.

Na ce, “Ka san in ka fita ba dawowa?”

Ya ce ya sani.

“Sana'arka fa? Shekara nawa kana gina ta? Za ka watsar saboda cikin tsohuwar goɗiya?”

Ya ce, “To me na zo yi nan dama?”

Na ji haushi ƙwarai, na kira shi mahaukaci a gaban mutane. Amma ni na haɗa masa kayansa, ni na raba kwastomominsa ga waɗanda za su riƙe su da amana, ni na raka shi filin jirgi ana sauran kwana uku azumi. Jaka ɗaya ya tafi da ita. Na koma ɗaki na tarar ba mai yi mini zancen doki, kuma abin kunya, ɗakin ya yi mini faɗi.

Cikin azumi yakan kira jefi-jefi. Ya mayar da dogon ingarman kasuwa. Ya gina wa Gunya rumfa a jikin ɗakinsa, yana jiƙa mata dusa da kanwa saboda haƙoranta sun ƙare. Kalandun kuwa suna nan rataye a kowane shago, har mutane suna tare shi a hanya suna tambaya ina za su samu irin dokin.

Kwana huɗu bayan Sallah, ina sito da rana tsaka ina faɗa da masu lodi, ya kira. Muryarsa a dushe.

“Shitu, ta sauka.”

“Alhamdu lillahi! Lafiya?”

“Gunya ba ta tashi ba. Amma abin da ta haifa yana tsaye, muna ba shi nonon saniya.”

Na yi masa jaje. Ina jin iska tana kaɗawa a wayarsa.

“Da ka ga ƙafafun,” ya ce. “Gajeru, masu kauri. Bidi sak. Ban taɓa ganin mai kyau irin wannan ba.”

“Malam Babayo, namiji ne?”

“Mace ce,” ya ce. “Bari in je, lokacin ba ta nono ya yi.”