Barista Maharazu Bunkure, Mai Fassara Mana Hukuncin Kotu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2008, muna gyaran bedin tumatir aka zo mana da labarin rasuwar Barista Maharazu Dattijo Bunkure, bayan gajeriyar jinya a Kano. Kafin la'asar mun kai shi makwanci.

Barista, 'yan birni sun san ka da sharhin da kake rubutawa a jarida kan shari'o'in bankuna da kamfanoni. Mu manoman rani a kasuwar Bunkure muka san ka. Kakan ajiye kwat a mota, ka zauna kan benci, ka karanto hukuncin manyan alƙalai da Turanci, ka mayar mana da shi Hausa har mai tallar fura ta gane. In hukunci bai gamsar da kai ba, ka faɗi dalilinka, amma ban taɓa jin ka aibata alƙali ba.

Ba zan manta ranin 2004 ba, lokacin da wani maganin feshi ya ƙone mana tumatir tun daga Kura har Garun Mallam. Mai shago ya ce ba shi ya haɗa ba. Mu kuwa muka ce ƙaddara ce. Hajiya Kubra, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gona, ta zo wurinka tana hawaye za ta jinginar da gonar. Ka ce mata, “Hajiya, ƙaddara gaskiya ce, neman haƙƙi ma halal ne. Wanda ya haɗa maganin yana da alhakinki, ko da bai taɓa ganin fuskarki ba. Ina kwalbar?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, tana bayan ɗaki.”

Da wannan kwalba ka shigar da ƙara. Lauyoyin kamfanin da ya haɗa maganin suka ce ba hurumin kotun jiha ba ne, sai ta tarayya, suna zaton za mu gaji da zirga-zirga. Ka tara mu ka bayyana abin da tsarin mulki ya ware wa kowace kotu, ka ce mu yi haƙuri. Alƙali ya yi watsi da hujjarsu, kamfanin ya nemi sulhu, ya kuma janye maganin daga kasuwa. Hajiya Kubra na noma gonarta har yau.

Ba kullum kake faɗa mana abin da muke so ba. Da ƙungiyarmu ta manoman rani ta so kai wani banki ƙara, ka duba maganar ka ce mu ne ba mu da gaskiya. Mun yi fushi, har na daina gaishe ka a masallaci, kai kuwa ka riƙa biyo ni da gaisuwa.

Ka tafi, amma ba ka bar mu a duhu ba. Bana yaranmu biyu suna karatun lauya, kuma 'yarka Aziza, wadda aka rantsar a matsayin lauya bara, ta ce da zarar an share makoki za ta ci gaba da zaman kasuwar da ka saba yi mana.

A madadin manoman rani na Kura da Bunkure, ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Hajiya Zuliha, da 'ya'yansa da 'yan'uwansa baki ɗaya. Allah Ya jiƙan Barista, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya albarkaci bayansa, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Muhammadu Sani Tambaya, Bunkure