Kwalbar Man Malam Ja'afaru

Mahaifina, Malam Ja'afaru mai tafireta, ba ya iya jin ƙarar inji ya wuce. Cewa yake yi inji in ya yi kuka ƙishirwa yake ji. Yana da 'yar kwalbar man keken ɗinki da ba ta barin aljihunsa, duk rigunansa sun yi tabo a gurin, Inna ta yi mita har ta gaji. A unguwar Shamaki kowa ya san halinsa. Ƙofar zaure, keken maƙwabci, injin markaɗe, duk wanda ya ji yana ƙara sai ya tsaya ya ɗiga masa.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ya kama aiki a wani kamfanin sayen auduga a nan Gombe. Fiye da shekara ashirin yana buga takardu da tafireta guda. Bai tara gida ba, bai tara mota ba. Abu ɗaya ya tara, kuma da shi yake taƙama: inji bai taɓa mutuwa a hannunsa ba.

Da kuɗin fetur ya bunƙasa, manaja ya sayo kwamfuta daga Ikko, aka girka ta kan tebur, aka ware mata ɗaki har da labule. Aka tura wata yarinya 'yar Kaltungo, Lois, Kaduna ta koyo aikinta. Baba kuwa aka damƙa masa mabuɗin ɗakin, tunda shi aka sani da riƙon inji. Ranar ya dawo gida kamar an naɗa shi sarauta.

Kullum da safe Lois takan zura faifai a bakin kwamfutar, kwamfutar ta yi ƙurr-ƙurr tana karanta shi, sannan ta fara aiki. Wannan ƙarar ita ta hana Baba sukuni. Wata Juma'a bayan an tashi, ya yi wa kwamfutar abin da yake yi wa tafiretarsa, ya rufe ɗaki da kwanciyar rai.

Ranar Litinin kwamfuta ta kawo wuta, layin farko ya fito, daga nan ta cije. Lois ta kashe ta kunna, ta cije a guri guda. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a tada janareta, ko wutar ce ta yi ƙasa. Ta sauya faifai, ta sake sauyawa, ba ta san duk wanda ta zura lalacewa yake yi ba, har da mai ɗauke da aikin kakar auduga.

Manaja ya iso daga GRA yana faɗa, wai an kashe kuɗi an tura ta karatu a banza. Lois ta zaro faifan, ta ga yana sheƙi, ta shafa, ta sunsuna yatsanta. Ta dubi aljihun Baba. Sai ta goge yatsan a zanenta.

Ta ce, "Yallaɓai, ban gano matsalar ba."

Baba ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a ga laifin yarinya. Ni na ɗiga mata mai. Kuka na ji tana yi."

Akawuna suka kwashe da dariya. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin cikinsu babu wanda ya taɓa gaya masa wannan injin ba ya shan mai, kuma rabinsu ko kunna shi ba su iya ba. Ba a kore shi ba, mabuɗin kawai aka karɓa. Kafin wata kakar ya nemi ritaya da kansa.

Ya zauna gida, ya zama marar magana. Keken ɗinkin Inna ya fara ƙara, ta ce, "Malam, ba ka ji ba?" Ya ce ta kira mai gyara. Sabbin rigunansa duk aljihunsu fes, kuma Innar da ta sha mita a kan tabo ita ce ke kallonsu tana share hawaye.

Da ya rasu, Lois ta zo gaisuwa. Ta tura ƙofar zaure, ƙofar ta ja wata doguwar ƙara. Ta tsaya cak, hannunta a jikin ƙyauren.

Inna ta ce, "Shigo, 'yata. Tun ranar da aka karɓe masa mabuɗin nan take haka."