Ranar da Nasiru Ya Yi wa Mai Gonaki Tsawa a Silima

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Nasiru, amma yau ba kuka na zo yi muku ba. Na dawo Doha daga hutu ƙirjina fal da murna, kuma wanda ya fi cancanta in fara ba labarin shi ne ba ya nan. Shi ya sa na ce bari in ba ku.

Ɗaki ɗaya muka zauna da shi. Ni gadi nake yi, shi kuwa direban wani gida ne a unguwar Al Thumama, yana kai yara makaranta, yana kai uwar gida kasuwa. Sai da muka daɗe tare na gane ɗan babban gida ne. Mahaifinsa, Alhaji, yana da fadamar shinkafa a ƙasar Haɗeja wadda ido ba ya ganin ƙarshenta. Duk sa'ad da na tambaye shi me ya kawo ɗan mai gandu tuƙa motar wani, sai ya yi dariya ya kawo wata maganar.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Selbam, wani Ba'indiye mai kula da lambun gidan da Nasiru ke aiki, ya matsa mana sai mun raka shi silima a Asian Town. Fim ne na yarensu, Tamil, wanda ko gaisuwa ba mu iya a cikinsa ba. Wannan bai hana Nasiru komai ba. Tun daga fitowar farko ya shiga yi mini fassara da Hausa daga kansa, yana sa wa kowa magana a baki, ni kuwa har cikina ya yi ciwo don dariya.

Labarin wani mai gonaki ne da yarinyar da ke aiki a gidansa. Yana sonta, tana sonsa, amma tsoron dangi ya hana shi buɗe baki. Da fim ya yi nisa sai na lura fassara ta tsaya. Na waiga, na ga Nasiru ya kafe allo da ido. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da aka zo wurin da yarinyar ta ɗaure kayanta ta hau amalanke, shi kuma gogan yana tsaye a baranda yana kallo, sai Nasiru ya miƙe tsaye a tsakiyar jama'a.

"Kai, sakarai! Bi ta mana! Me kake jira?"

Ban da ni, ba wanda ya ji Hausa a zauren nan, amma kowa ya gane. Aka kwashe da dariya, aka hau tafi da fito. Selbam yana jan rigarsa, shi kuwa ya fizge ya yi waje.

Na same shi a bakin wani shagon shayi. A nan ya gaya mini komai. Akwai Rakiya, ɗiyar matar da ke yi wa ma'aikatan gandunsu abinci. Tare suka tashi. Ya so ya aure ta, 'yan'uwa suka ce ɗan mai gona ba ya auren 'yar mai aiki, shi kuma ya kasa musu, ya tattara ya gudo nan.

"Garba," ya ce mini, "wallahi ni ne mutumin nan na baranda. Khalas, shi ke nan, yau za a yi ta ta ƙare."

A gabana ya kira mahaifinsa. Ban manta abin da ya faɗa ba: "Baba, ka gafarce ni. Ni ma fa a nan ɗan aiki ne, ni ke buɗe wa 'ya'yan wani ƙofar mota. Hakan ya rage mini asali?" Alhaji ya kashe wayar. Ya aiko da saƙo cewa in ya kuskura, kada ya sake taka masa gida.

Rakiya ma ba ta zo da sauƙi ba. "Sai yanzu ka tuna da ni?" in ji ta. Ta ce ba ta son auren ɓoye. In da gaske yake, ya turo manya wurin mahaifiyarta da rana tsaka, kowa yana gani. Wani kawunsa ya tsaya masa, aka ɗaura. Mu kuma a nan muka sayi kifi a bakin ruwan Al Wakrah muka yi walima, Selbam ya taka rawa har hularsa ta faɗa teku.

Alhaji bai sauko ba sai da aka haifa musu ɗiya, Hauwa. Nasiru ya je hutu ganin ta karo na biyu, zazzaɓi ya kama shi, cikin 'yan kwanaki rai ya yi halinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Filin ƙwallon da ya bari ana ginawa a unguwar aikinsa ya kammala, ya fito kamar farar hula. Fim ɗin nan ma an juya shi da Hausa, yana cikin wayata. Na san zai kalla ya ce tasa fassarar ta fi daɗi, kuma ba zan musa ba.

Amma abin da zai sa shi tsalle shi ne wanda na gano a garinsu. Na je gaida Alhaji, na tarar ana girbi. Tsufa ya kama shi, 'ya'yan sun watse birni. Wa ke tsaye a kan fadama, tana raba wa mutane aiki, tana duba masussuka? Rakiya! Alhaji da bakinsa ya damƙa mata gandun, a gaban kowa. Hauwa tana maƙale da shi, ba ta barinsa ya sha fura shi kaɗai.

Ya ce in nuna masa fim ɗin da ya juya masa kan ɗa. Ya riƙe wayar ya kalla, can ya ce, "Mutanen nan sun iya dashen shinkafa." Sai ya goge ido da hannun riga. "Da yaron nan ya bi maganata, Garba, da yau wa zan kira 'yata?"

Nasiru bai bar gini ba, bai bar mota ba. Ya bar gidan da ya fi yadda ya same shi, da tsoho mai wanda zai jingina da shi, da yarinya mai tafiya a gonar kakanta kai a sama. Allah Ya jiƙanka, abokina, Ya sa ka huta.