Barcin Injiniya

Yayata ta yi shekara goma sha tara tana laluben mata a ƙofar gidan yari. Duk macen da ta zo ziyarar mijinta ko ɗanta, sai ta bi ta wani ɗan ɗaki mai shuɗin labule, inda Yaya take tsaye da safar hannu, tebur da faranti na ƙarfe a gabanta. Za ta tsaga burodi gida huɗu, ta soka tsinke a sabulu, ta matse man goge baki tun daga gindi, ta bi kalmasar zane da yatsa biyu. Kitso ma ba ta ƙyalewa. Matan suna kiranta Mai Hanci, a bayan idonta dai, don an ce ta taɓa shinshino ƙullin wiwi a cikin kunzugun jariri. Ita ba ta taɓa ba ni wannan labarin ba. Yaya ba ta kawo aiki gida, in ban da ɗabi'ar nan tata ta juya kofi ta duba gindinsa kafin ta zuba ruwa.

Ni ce ƙanwarta, shekara takwas ta ba ni, kuma ina da shagon buga takardu da kwafi a bakin titi. Tun da mijinta ya rasu muke zaune gida ɗaya, ni da ita da ɗanta tilo. Injiniya muke ce masa don tsokana, alhali tayil yake shimfiɗawa a gidajen mutane. A durƙushe yake yini. Shekararsa ashirin da shida, amma saboda ciwon gwiwa in zai miƙe sai ya dafa bango kamar tsoho.

Injiniya ya rasu wata Laraba da rana, a kan doguwar kujerar falo. Likita ya rubuta cewa numfashinsa ne ya tsaya. Yaya ta karɓi takardar, ta ninke, ta sa a jaka, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Kwana biyu bayan haka ina gyara ɗakinsa saboda baƙi, sai na buɗe akwatin kayan aikinsa. Ƙarƙashin soso da igiyar awo na tarar da ƙwayoyi, wasu a cikin takardarsu, wasu an ɓare. Na gane su, irin masu kashe zafin ciwo ne da samari suke haɗiya fiye da ƙima. Na zuba su a masai na kora ruwa, ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina, matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana kama wannan abu a jikin mutane, ba daga bakina za ta ji cewa da shi take kwana a gida ɗaya ba.

Yaya ba ta yi wani kuka ba. Da baƙi suka watse ta goge kakinta ta koma aiki. Abin da aka ajiye mata shi take ci, in ba a ajiye ba ta sha ruwa ta kwanta. In ka yi mata magana za ta amsa daidai, sai dai kamar daga wani ɗaki take amsawa. Ni ma dai haka nake, ina kwafi, ina buga wasiƙun neman aiki, wani lokaci sai mai takarda ya ce, “Baiwar Allah, ai kin buga wannan shafin sau biyu.”

Bayan wata biyar shugabanta ya ce mata ba za ta ƙara samun girma ba sai da takardar karatu. Ta je ta yi rajistar wani kwas na binciken laifuka da shari'a, wanda ake yi ta intanet. Ban ga alamar tana son girman ba, ina jin dai ta rasa yadda za ta yi da ranar Asabar ne. Matsalar ita ce Yaya da yatsa ɗaya take danna kwamfuta, kamar kaza tana tsintar hatsi. Don haka kowace Asabar da safe, kafin masu takardu su fara zuwa, sai ta zo shagona ta zauna a kujerar roba, jakarta a cinya. Ni in karanta, ita ta ba da amsa, ni in buga.

Malamin yana fitowa ne a wani ɗan akwati a gefen allon, mai sanƙo, bayansa kantar littattafai. An daɗe da naɗar bidiyon, ba mu ma san ko yana raye ba. Da aka zo sashen miyagun ƙwayoyi, darasi goma ne, Yaya ta zama gwana. Ya nuna hotunan inda ake ɓoye kaya, ya ce a kula da ƙasan takalmi.

“Takalmi?” in ji ta. “Sai dai sabon shiga. Wannan bawan Allah bai taɓa ganin siket mai kalmasa biyu ba.”

Ranar ce na fara jin wani abu mai kama da dariya ya fito mata, ta hanci. Darasi shida ta yi ba ta faɗi tambaya ko ɗaya ba.

Wata Alhamis injin kwafi ya cije takarda, ina jiran mai gyara, sai shegen karambani ya sa na leƙa darasi na bakwai. Alamomin wanda ƙwaya ta yi wa yawa. Ƙwayar ido ta ƙanƙance. Leɓe ya sauya launi. Numfashi ya yi nisa da juna. Sai ta huɗu: minshari mai ƙarfi da kakari a maƙogwaro. Malamin ya gyara tabarau, ya ce yawancin iyalai suna cewa sun ɗauka barci ne mai nauyi. Haka kawai ya faɗa, kamar mai karanta jerin kayan cefane, ya wuce gaba. Na ji na tsane shi, da sanƙonsa, da littattafansa.

Domin a waccan Larabar na je gida cin abincin rana. Injiniya ya dawo da wuri, wai ba a kawo ruwa wurin aiki ba, ya miƙe a doguwar kujera ko takalmi bai cire ba. Minshari yake har ina cewa janareton maƙwabta ya samu abokin gasa. Na nufe shi zan tashe shi ya ci abinci. Yaya ta riga ta sa kaki, aikin yamma gare ta. Ta riƙe mini hannu.

“Ƙyale shi,” ta ce a hankali. “Rabonsa da barci mai daɗi haka tun yaushe?”

Ta rage rediyo, ta saki labule, ta zare masa takalman, ta tura masa matashi ƙarƙashin kai yana rigingine. Muka fita da sanɗa, ta ja ƙofar yadda ko ƙara ba ta yi ba. Ni na dawo ƙarfe biyar na same shi, ɗakin tsit.

Asabar ta zo, na ce mata babu intanet. Ta dubi ɗan akwatin da ke jikin bango, fitilunsa kore suna ƙiftawa, ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta tafi. Wata Asabar na ce darasi na bakwai ba dole ba ne, mu tsallake zuwa na takwas. Na takwas ya ƙi buɗewa, wai sai an ci jarrabawar na bakwai. Ranar Juma'a na zauna zan yi mata jarrabawar da kaina, ashe sai kyamara ta ga fuskar ɗalibi tukuna. Ta ga tawa, ta rufe shafin. Ni da nake buga wa mutane takardun rantsuwa kullum, ƙaramar ƙarya ma ta gagare ni.

Asabar ta uku Yaya ta zauna ta ce, “Kunna.” Na kunna. Da malamin ya kusa zuwa wurin, na miƙe na tayar da injin kwafi, na riƙa tura masa farar takarda yana fito da farar takarda.

“Kashe injin nan, ba na ji.”

Na kashe. Ta saurara har ƙarshe, hannayenta biyu a kan jaka.

“Mayar baya kaɗan.”

Na mayar. Ya sake gyara tabarau, ya sake faɗa.

“Ƙara.”

Sau uku ya faɗa mata. Fuskarta ba ta motsa ba. A waje wani yana ta danna hon, mai gyaran takalmi na gefenmu yana buga ƙusa. Na jira ta yi wani abu, ko ihu, ko zagi, ko ta faɗi. Sai ta ce mu shiga tambayoyin. Ta gyara zama kyamara ta ga fuskarta, shafin ya buɗe.

Ta farko, ta biyu, ta uku, duk ta amsa. Ta huɗu na karanta da wata murya da ban san tawa ba ce: an tarar da mutum kwance yana minshari da kakari, ana zargin ya sha ƙwaya, me za a fara yi?

“A kira shi da ƙarfi, a girgiza shi,” in ji Yaya. “In bai farka ba a nemi agaji nan take. A juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a bar shi shi kaɗai.”

Na danna. Koren maki ya fito.

“Ke,” ta ce, idonta na kan allon. “Waɗanda ke cikin akwatin aikinsa, ke kika kwashe?”

Na ce, “Yaya, dama kin sani?”

“Tun wata takwas kafin nan. Ni za a ɓoye wa abu a ƙarƙashin soso? Kullum da safe in ya shiga wanka sai na duba nawa suka ragu. Na ce bari ya gama aikin gidan benen nan, gwiwar ta huta, sai in zaunar da shi. Na san launinsu, na san warinsu, na san inda ake cusa su. Amma mu aikinmu a ƙofa yake ƙarewa. Ba wanda ya taɓa gaya mini yadda mutum yake yi bayan ya haɗiye.”

“Yaya, kwanansa ne ya ƙare.”

“Na sani.”

“To ki daina...”

“Na ce na sani. Kwanansa ne ya ƙare.” Ta juyo ta dube ni a karo na farko tun shigowarta, idonta a bushe ƙamas. “Amma ke kin tafi za ki tashe shi. Ni na riƙe miki hannu.”

Na mayar da idona kan kwamfutar. Agogon jarrabawar yana ta raguwa a saman allon, saura minti goma sha ɗaya.

“Saura tambaya nawa?” ta ce.

“Shida.”

“Karanta ta biyar.”