Ragon Layyar da Muka Yi wa Fenti

Ina da shekara biyar, ƙanena yana da uku, lokacin da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta dawo Kazaure hutun Babbar Sallah daga kwalejin horon malamai a Kano. Ta zo mana da sabon ilmi, wai yaron da bai yi wasa da fenti tun yana ƙarami ba, ƙwaƙwalwarsa ba za ta buɗe ba. Kaka ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Ashe shi ya sa duk gidan nan babu mai hankali."

Gwaggo ba ta kula ba, masu ilmi ba sa jin irin wannan magana. Ana saura kwana biyu Sallah ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, ta tara mu da 'ya'yan maƙwabta, mu shida. Ta dama garin fenti a murafan kwano, ja da shuɗi da rawaya. Ta yanka dankalin Inna, ta sassaƙa wata da tauraro a jiki, muna tsomawa muna dangwalawa a takarda. Wanda bai samu dankali ba ya sa tafin hannu.

"Kada wanda ya hana su komai," in ji Gwaggo. "A bar yaro ya fitar da abin da ke ransa."

Takardun suka ƙare, abin da ke ranmu bai ƙare ba. Daidai nan wata ƙawar Gwaggo ta yi sallama, suka shige ɗaki.

A gindin darbejiya kuwa ga ragon layyar Baba a ɗaure, fari tas. Har kasuwar Babura ya je ya zaɓo shi, kuma duk wanda ya shigo gidan sai an kai shi ya gani. Ƙanena ne ya fara manna masa jan hannu a cinya. Ragon ya ci gaba da cin harawarsa, mu kuma muka ɗauka ya yarda. Ni na kama wuya ina jera taurari, wata yarinya ta shafe ƙahonni da rawaya, sauran suka raba ciki da baya.

Da azahar Baba ya dawo daga ofis. Ya jingine kekensa, ya daɗe yana kallon ragon.

"Wa ya yi wannan?"

Bincike mai wuyar gaske, tunda mu shida muna tsaye gabansa da fenti har gwiwar hannu. Gwaggo ta fito da sauri, ta duba, ta ce, "Yaya, ka ga yadda suka haɗa launukan kuwa?"

"Na gani. Ai ƙwaƙwalwa ta buɗe."

Aka yi ta wanke ragon da sabulu. Jan ya dusashe, shuɗin ya ce yana nan. Hankalin Baba bai kwanta ba sai da ya ɗauko limamin unguwa bayan la'asar.

"Allah gafarta Malam, wannan zai yi layya kuwa?"

Liman ya zagaya ragon, ya duba ido, ya duba ƙafa da kunne. Ya ce lafiyarsa ƙalau, fenti ba ya ɓata layya. Sai ya nuna wuyan, ya ce, "Amma wanda ya jera taurarin nan ya iya." Na ɗaga hannu. Baba ya harare ni, na sauke.

Kafin safiyar Sallah rabin unguwa sun zo gaishe da Kaka, har waɗanda suka shekara ba su tuna tana raye ba, kuma kowa ta gindin darbejiya yake bi. Da aka kayar da ragon, ƙanena ya yi ta birgima yana ihu an yanka masa zanensa, ya rantse ba zai ci naman ba. Rantsuwar ta kai har lokacin da Inna ta fara suyar hanta.

Da Gwaggo za ta koma Kano ta ce hutu mai zuwa ginin laka za ta koya mana. Baba ya ce hutu mai zuwa a Roni za mu yi shi, gidan kawunmu, ita ma tana iya bin mu can.