Adda, Shiga Mota

"Adda, shiga mota, kina ba mu kunya!"

Ƙanena ne ya tare ni a gadar Jimeta, ina jan ƙafar hagu. Tun ina kwance da shanyewar ɓarin jiki na yi wa Allah alkawari: in na tashi, a ƙafa zan je ziyarar kabarin shehinmu.

Abokiyar tafiyata, wata tsohuwa 'yar Numan da za ta taron addu'ar cocinsu, ta dube shi ta ce, "Yaro, da Addarka tana kwance, ka kawo motan nan?"

Ya sunkuyar da kai. Ko dubiya bai zo ba.

Ta karɓi jakata, muka wuce.

Jama'a, ku faɗa min, wa ya kamata ya ji kunya?